Limfoma ta dawo a ƙwaƙwalwa bayan dashe: kemo ko gashi?

'Yar'uwa, Allah Ya ba yayanki lafiya. Kin ce bayan dashen ƙwayoyin ɓargo limfomar, wato kansar fararen ƙwayoyin jini, ta dawo masa a ƙwaƙwalwa, likitoci kuma sun ce ku zaɓa tsakanin kemo mai ƙarfi, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da gashi, wato gasa ƙwaƙwalwar gaba ɗaya da hasken na'ura (radiotherapy).

Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, magunguna irin su R-CHOP, haɗin kemon da aka saba bayarwa a limfoma, ba sa ratsa shi sosai. Metotireksat yana ratsawa idan an ba da shi da yawa, giram 3 ko fiye gwargwadon girman jiki, galibi tare da sitarabin da tiyotefa da rituksimab. Sai an kwantar da mutum ana ta ƙara masa ruwa, ana ba shi lukoborin don kare lafiyayyun ƙwayoyin jiki, ana auna jininsa kullum har maganin ya fita. Ƙoda ce ke fitar da shi, in ta yi rauni wannan hanyar ta toshe. Ɓargon da ya sha dashe ma kan yi jinkirin farfaɗowa.

Gashi kuwa babu ruwansa da ƙoda, kuma limfoma na jin sa da wuri. Illarsa ce ke zuwa daga baya: mantuwa, tangaɗi wajen tafiya, kasa riƙe fitsari, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko aka taɓa ba shi metotireksat. Ba ya kuma taɓa cutar da ke sauran jiki.

A ganina, in yana da ƙarfin jiki, ƙodarsa lafiya, kemo ya fi dacewa a fara da shi, don gashin yana nan a ajiye in an buƙace shi. Kemon yana iya zama share fagen CAR-T, inda ake ɗebo sojojin jininsa a horar da su su farauci cutar. Amurka ta amince da shi a 2017, amma yana da tsada ƙwarai, yana kuma jawo zazzaɓi da ruɗewa. Idan kuwa an taɓa ba yayanki metotireksat cutar ta dawo da wuri, ko tana cin sa da sauri, gashi ya fi kusa.

Kafin ku amsa, ki tambayi likitansa ko an yi hoton PET, mai nuna inda cutar take, na sauran jiki, an kuma gwada ruwan laka. Kada sauƙin da deksametason, maganin rage kumburi, ke kawowa ya sa ku jinkirta, ba ya daɗewa.