Playwright MCP: na karanta bayanan kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya

Wakilin AI, wato manhajar AI da ke aiwatar da aiki da kanta a madadin mutum, ba ya ganin abin da ke cikin kayan aikin da aka miƙa masa. Abu uku ne ke isa gare shi: sunan kayan, ɗan bayanin da aka rubuta a kansa, da guraben da zai cike kafin ya kira shi. Haka tsarin MCP yake, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki na waje, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Shi ya sa da na ɗauko Playwright MCP na Microsoft, mai ba wa wakili damar sarrafa burauza, don gwada fom ɗin rajista da nake haɗa wa wata makaranta, ban damu da saurinsa ba tukuna. Bayanan na zauna na karanta.

Wanda ya fi burge ni shi ne na browser_take_screenshot. Ya ce yana ɗaukar hoton shafi, sannan ya ja kunne: ba a aiwatar da komai da wannan hoton, in dannawa ko rubutu za a yi, a nemi browser_snapshot. Shi kuwa snapshot ɗin shafin yake kawowa a rubuce, daga tsarin nan da manhajojin karanta wa makafi allo ke dogaro da shi, kowane maɓalli da kowane akwati da 'yar lambarsa, irin su e14. Da ka leƙa browser_click sai ka tarar wannan lambar yake nema, kuma ya faɗa ƙarara cewa daga snapshot za a ɗauko ta. Kowane bayani yana nuna wa wakili ƙofar na gaba, ba a bar shi da kame-kame ba.

Na ga amfanin haka a akwatin ƙaramar hukuma. Akwatin nan sai an fara bugun haruffa yake zubo da sunaye. Wakilin ya watsa "Dambatta" gaba ɗaya, ba abin da ya fito. Ban ce masa uffan ba. Sai na ga ya sake kiran browser_type, wannan karon ya kunna zaɓin slowly, haruffan suka riƙa shiga ɗai-ɗai, sunan ya faɗo, ya danna. Bayanin zaɓin ne ya fitar da shi, don an rubuta a can cewa bugu harafi-harafi yana taimakawa a shafukan da ke sauraron madannai, kuma in ba a kunna ba, rubutun a lokaci guda yake shiga.

Kafin wannan na gwada wata 'yar sabar MCP, wato manhajar da ke miƙa wa wakili irin waɗannan kayan aiki, da wani ya haɗa shi kaɗai. Bayanin dannawarta bai wuce "danna abu a shafi" ba, sai gurbin da ke neman adireshin CSS, wato rubutun da ke nuna wane abu ake nufi a shafi, ba a ce daga ina za a samo shi ba. Kamar ka aiki yaro kasuwa ka ce masa "sayo abin nan". Wakilin ya yi ta cinke har ya danna maɓallin sokewa, fom ɗin da ya cike ya goge tas.

Akwai abin da na so a ƙara a bayanan Playwright MCP. Lambobin nan na snapshot ɗin da aka ɗauka ne, shafi na sauyawa suna iya tashi daga aiki. Takwaransa Chrome DevTools MCP da Google ta fitar a Satumban 2025 ya rubuta wannan a bayanin take_snapshot, cewa kullum a yi aiki da na ƙarshe. Jimla ɗaya ce, amma tana da daraja. Haka kuma zan so a sanar da wakili cewa snapshot ɗin dogon shafi yana cinye wurin da yake riƙe zance, ga shi bayanan kayan aikin kansu sun riga sun ci nasu kason tun ba a fara komai ba.

Sai browser_evaluate na Playwright MCP, mai gudanar da JavaScript, yaren shirye-shiryen da shafukan intanet ke aiki da shi, a cikin shafi. Bayaninsa gajere ne, ƙarfinsa kuwa ba kaɗan ba, don duk abin da shafi zai iya yi, shi ma zai iya. Saboda shi ne nake barin wakilin a shafin gwaji da asusun gwaji kawai, ba na haɗa shi da burauzar da imel ɗina ke buɗe a ciki.