Sharhi a kan libsodium bayan wata takwas ina aiki da shi

Na ɗauki libsodium, wato laburaren ɓoye bayanai da masu rubuta manhaja ke amfani da shi, lokacin da nake rubuta wata manhaja da ke kulle saƙonni kafin ta ajiye su, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne ƙarancin zaɓin da yake bai wa mai amfani da shi. Frank Denis ne ya fara fitar da wannan buɗaɗɗen laburare a 2013, bisa tushen wani laburaren da ya gabace shi, NaCl na Daniel J. Bernstein da Tanja Lange da Peter Schwabe, an kuma rubuta shi da harshen C. Idan ka kira crypto_secretbox_easy, umarnin da ke kulle saƙo, ba a tambayarka wane tsari kake so, domin an riga an haɗa maka XSalsa20 mai kulle saƙon da Poly1305 mai buga masa hatimin tantancewa. Naka kawai ka kawo mabuɗi mai bayit 32 da wata lamba mai bayit 24 wadda ba a maimaita ta da mabuɗi ɗaya.

Inda na sha wuya shi ne wajen neman kuskure. Wasu saƙonnin suna buɗewa lafiya, wasu kuma su ƙi, kuma duk abin da laburaren ke mayar mini shi ne -1, ba tare da ya ce mabuɗin ne ya saɓa ko saƙon ne ya lalace ba. Na kwana biyu ina zarginsa, ashe laifin nawa ne: ina auna tsawon kullallen saƙo da strlen, umarnin C na ƙirga tsawon rubutu, wanda ke tsayawa da zarar ya ci karo da bayit na sifiri, alhali irin wannan bayit yana iya faɗowa ko'ina a ciki. Saƙon da aka gutsure kuwa ba zai taɓa dacewa da hatiminsa mai bayit 16 ba. Daga baya na fahimci cewa da gangan aka yi wannan shirun, tunda duk bayanin da zai taimake ni zai taimaki mai kutse, sai dai a daren da nake fama wannan hikimar ba ta sanyaya mini rai ba.

Takardun bayaninsa a tsare suke, da misalan da ke aiki yadda aka rubuta su. Amma wanda aikinsa ke buƙatar TLS (tsarin kare sadarwa a intanet) ko RSA (tsarin kullewa mai mabuɗi biyu) ya nemi wani laburaren, domin babu su a nan, kuma tsarin kullewa na AES-256-GCM ma ba ya samuwa sai a kan na'urar da ke da tallafinsa, shi ya sa na koma ga wani tsarin kullewar, XChaCha20-Poly1305.