Titin da ba a cewa an sayi gunki

Shekarata uku ina harkar tufafi a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, amma sai watan jiya ɓatan hanya ya kai ni titin Bamrung Muang, wanda aka shimfiɗa tun zamanin Mongkut, ɗaya daga cikin sarakunan ƙasar na dā, yake kuma ratsawa ta gaban haikalin Wat Suthat da wani dogon jan lilo da aka kafa a gabansa. Yawancin shagunan wannan yanki kayan addinin Buddha suke sayarwa: kyandirori, turaren tsinke, mayafan sufaye masu ruwan goro, da gumaka masu ruwan zinariya, waɗansu sun fi mutum tsawo, an naɗe su da leda an jera har bakin titi.

A nan na sha kunyar da har yanzu take cina. Igiyar takalmina ta kwance, na ɗora ƙafa a kan katakon da aka girke wani gunki domin in ɗaure. Wata tsohuwa ta fito, ba ta ɗaga murya ba, ta nuna ƙafata, ta sa tsumma ta goge wurin a kan idona. Ɗanta ne ya fahimtar da ni cewa a wurinsu ƙafa ce mafi ƙasƙanci a jiki. Domin in wanke laifina sai na tambayi nawa ake sayar da gunkin, ashe na ƙara wani, domin su ba sa cewa saye, “chao” suke cewa, wato haya.

Ni Musulmi ne, ba ni da haɗi da gunki, amma nan take na tuna da kakana a Kurmi, wanda bai taɓa cewa ya sayi Alƙur'ani ba, sai dai ya ce ya fanso shi. Mun riƙe kalmar, mun saki ladabin, tunda ga littattafan addini nan a tashoshinmu an baza a ƙasa, ƙura da hayaƙin mota suna bi ta kansu, ana tsallakawa.

Kada a ɗauka su ma babu algus. Bokitan sadaka masu ruwan ɗorawa da ake cika wa sufaye da sabulu, man goge baki da ganyen shayi, 'yan ƙasar da kansu suna ƙorafin cewa waɗansu takarda ake cusawa a ƙasa, kaya kaɗan a sama, tamkar kwandon tumatir ɗinmu.