FES, injin lantarki a hancin gilaida: yana rage saukar dole a gona, amma bai ɗauke wa matuƙi zaɓen fili ba

Gilaida jirgi ne mara inji, da iskar ɗumi mai tashi sama yake tafiya. Ranar da iskar ta mutu, kuma filin jirgi ya yi nisa, sai a nemi gonar wani a sauka. A nan ne jirage da yawa ke karyewa. Na'urar FES (Front Electric Sustainer, wato injin lantarki na gaba mai riƙe jirgi a sama), wadda kamfanin LZ Design na ƙasar Sulobeniya ke ƙerawa, don wannan matsalar aka yi ta, kuma ana samun ta a jirage irin su LAK-17, Discus-2c, HPH 304 da Silent 2 Electro.

Kayan ba su da yawa. Injin lantarki ne mai ƙarfin wajen kilowat 22 a can ƙarshen hanci, da farfela mai faɗin mita 1 wadda kunnuwanta biyu ke kwanciya a jikin hancin idan ba ta aiki. Batura biyu ne a bayan matuƙi, kowanne wajen kilo 15 zuwa 16, jimillar wutarsu kusan kilowat-awa 4.2. A gaban matuƙi akwai ƙaramin allo mai maɓallin murɗawa: a kunna, a murɗa, cikin 'yan daƙiƙu farfela ta buɗe ta fara ja. Tafiya a miƙe ba hawa tana cin kilowat 4 zuwa 5 ne kawai, wato wajen awa ɗaya a sama.

Ba za a gane darajarta ba sai an kwatanta da tsohon tsari, wato injin fetur da ke ɓoye a bayan jirgi a kan sanda. Shi sai an ɗago sandar, an dulmiyar da hanci don iska ta juya farfela, sannan a jira ya kama. Duk wannan tsayi yake ci. In kuwa ya ƙi tashi, ga sanda da farfela a tsaye suna tare iska, nisan da jirgin zai iya kaiwa ya ragu fiye da rabi, matuƙi kuma hankalinsa na kan inji maimakon gona. Haɗura masu muni sun fito daga nan: mutum yana ƙafa 500 yana ta fama da inji, ya karya kwanar ƙarshe ta shiga fili a ƙasa-ƙasa da ƙarancin gudu, fiffike ɗaya ya saki, jirgi ya wulwula ya faɗi da hanci. FES ta toshe wannan ƙofar. Ko ta ƙi tashi, jirgin yana nan yadda yake, ba abin da ya fito yana tare iska. A kan wannan kaɗai ta cancanci yabo.

Aibinta babba a zuciyar mai tuƙi yake. Saboda saurin kamawarta, sai mutum ya riƙa jinkiri, yana cewa bari in ƙara neman iska, har ya tsinci kansa a kan daji ko duwatsu ba fili a ƙarƙashinsa. Batir kuwa idan ya yi sanyi bayan awanni a sama, ko aka riga aka sha rabinsa, ba ya ba da cikakken ƙarfi. Iska mai gangarowa a bayan tsauni tana iya fin ƙarfin hawan injin, wanda bai wuce wajen mita 2 a daƙiƙa ba. Don haka tsarin da ake koyarwa a Ingila yana nan daram: a ƙafa 2,000 a nufi yankin da ke da gonaki, a 1,500 a ware biyu ko uku, a 1,000 a tsayar da ɗaya. A gefen wannan gonar ake kunna FES, inda in ta ƙi, sauka kawai za a ci gaba da yi.

Ita gonar ma sai an karanta ta. Ana duba inda iska ke kaɗawa daga hayaƙi ko fuskar ruwa. Gangara kuwa kullum hawanta ake yi, ko da iska na baya, tare da ƙarin gudu na wajen not (ma'aunin gudun jirgi) 10 zuwa 15, domin wanda ya bi gangara ƙasa sai shinge ya tsayar da shi. Bishiya mai tsayin mita 15 a bakin fili tana cinye kusan mita 150 na tsawonsa. Wayar lantarki ba ta ganuwa daga sama, turakunta ake nema, da layin ciyawa mai duhu a tsakiyar fili, wanda sau da yawa shinge ne ko rami. Doguwar shuka, kamar alkama da ta yi kai, tana kama fiffike ɗaya, jirgi ya juya a wuri guda, jela ta karye. Gonar da aka girbe ta fi kowacce.

Wani kuskure da ya shafi FES ita kanta: sauka da farfela tana juyawa. Tazararta da ƙasa kaɗan ce, a gona mai kunya nan take za ta daki ƙasa. A kashe ta tun kafin a miƙe zuwa fili.

Sai maganar wuta. Ranar 10 ga Agusta 2017, batirin wani HPH 304 eS ya kama da wuta yayin sauka a filin Parham da ke kudancin Ingila, matuƙin ya fita lafiya. Bayan haka hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai ta ba da umarnin gaggawa, aka ƙarfafa akwatin baturan, aka ƙara na'urar gargaɗin wuta. Mai sayen jirgi na hannu ya nemi takardar da ke nuna an yi wannan gyaran. Ana cire baturan ne a yi musu caji a waje, a ajiye su da rabin wuta idan za su daɗe ba aiki, kuma duk wanda ya faɗi ƙasa ko ya sha mummunar sauka a gona, a mayar wa kamfani ya duba kafin a sake ɗora shi.