Laftof ce ke yanke maka WiFi ko MiFi ɗin ne?

Ɗan uwa na ga tambayarka, ka ce laftof ɗinka ta hannu mai Windows 10 tana kama WiFi na MiFi ɗin gida, an ɗan jima ta saki, ka sake haɗawa ta sake saki, har kana tunanin ko ka sayi ɗan USB na WiFi ko ka canza MiFi ɗin kawai. Don Allah kar ka fitar da ko sisi tukuna. Ciwo biyu ne masu kama da juna amma maganinsu daban, kuma kai da kanka za ka iya raba su.

In laifin MiFi ne ko sabis, ba kai kaɗai zai shafa ba, wayarka da ta mutanen gida duk za su tsaya tare, kuma yawanci alamar WiFi tana nan a ƙasan allo, intanet ɗin ne dai babu. In kuwa laifin laftof ne, waya tana ta zuba bidiyo lafiya ƙalau ita kuma ta saki, wani sa'in ma sunan WiFi ɗin ya ɓace daga jeri gaba ɗaya sai ka kashe ka kunna.

Ga yadda za ka tabbatar. Buɗe cmd, baƙar tagar nan ta rubuta umarni a Windows, sau biyu, a ɗaya ka rubuta ping 8.8.8.8 -t, wato kana gwada ko wani adireshi na intanet yana amsawa, a ɗayan ka yi ping na adireshin MiFi ɗin shi ma da -t, na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, in ba ka san naka ba rubuta ipconfig ka duba Default Gateway. Ka bar su suna gudu har abin ya yanke. In na 8.8.8.8 ne kaɗai ya fara cewa Request timed out ɗayan na amsawa, to tsakanin laftof da MiFi lafiya lau, matsalar daga MiFi zuwa waje take, ko USB goma ka saya ba abin da zai canza. In duka biyun suka mutu tare alhali waya na aiki, laftof ce.

Ɓangaren MiFi ba wani dogon zance. Taɓa shi ka ji ko ya yi zafi, musamman in kullum a jone yake da caji, ka buɗe bayansa ka ga ko batirin ya kumbura, ka kai shi kusa da taga, ka gwada wani layin a ciki.

Ɓangaren laftof ne ke da aiki, kuma ni abin da na fi zargi a naka shi ne Windows ce ke kashe katin WiFi da sunan tattalin batiri, musamman in abin ya fi yi maka bayan an ɗauke wuta ka koma kan batiri. Shiga Device Manager, Network adapters, ka danna katin sau biyu, za ka ga sunan Intel ko Realtek ko Qualcomm, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Sai direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ka sauke shi daga shafin kamfanin laftof ɗin da lambar samfurinta, ka rabu da manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka komai a danni ɗaya. Akwai kuma netsh wlan show wlanreport, ka buɗe cmd a matsayin admin ka rubuta shi, zai fitar maka da rahoton kwana 3 da lokacin kowace yankewa da dalilin da Windows ta rubuta.

Wani abu da mutane ba sa kawowa a rai, eriyar laftof a murfin allo take, siraran wayoyi biyu ne, yawanci baƙa da fara, sun bi ta maɗaurin murfin sun sauko kan katin. Laftof ta hannu da aka sha buɗewa, ɗaya na iya zamewa ko ta tsinke a wajen maɗaurin. Zauna dab da MiFi ɗin kana ɗaga murfin kana saukewa a hankali, in sandunan sabis na hawa da sauka tare da hannunka to ka kama ɓarawon.

In ta tabbata katin ne ko eriya, nan ne maganar saye ta shigo. Ɗan USB ya fi sauƙi, ka soka kawai, kuma ba ruwansa da eriyar da ta lalace tunda yana da tasa, sai dai ƙananan nan masu kamar farce ba sa jin nesa, da yawansu zangon WiFi na 2.4GHz kaɗai suke yi, kuma ramin USB 3.0 mai shuɗin ciki kan yi wa 2.4GHz hayaniya, don haka ka sa shi a baƙin ramin. Canza katin ciki ya fi tsafta da ƙarko, amma sai an buɗe laftof, wasu tsofaffin HP da Lenovo kuma BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tada laftof ɗin, ba ya karɓar kowane kati, ka sa mai gyara ya gwada a gabanka kafin ka biya. In eriyar ce ta zame, maida ta kawai za a yi, ba sai ka sayi komai ba.

Da ni ne zan fara da ping ɗin nan yau da daddare lokacin da ya fi yankewa. Ka turo mana hoton abin da ya fito da sunan katin, sai mu ɗora daga nan.