Zaɓen allurar rigakafin ciwon boru: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Kafin ka tambayi farashi, karanta jikin kwalbar ka ga nau'in ƙwayar cutar da aka zuba a ciki. Ƙwayar boru, ciwon baki da ƙafa, iri bakwai ce: O, A, C, Asia 1, da SAT 1, 2 da 3. Rabon da a ga nau'in C tun 2004. Rigakafin wani nau'i ba ya kare dabba daga wani, shi ya sa garken da aka yi wa allurar O kaɗai zai iya kwantawa gaba ɗaya in SAT 2 ta shigo, shanu na dalalar da yawu, kofato ya ɗaye. Ko a cikin nau'i guda akwai rassa. Ɗakunan gwaji irin na Pirbright a Ingila suna auna dacewar allura da ƙwayar da ke yawo, kuma sakamakon wannan awo, da ake kira r1, in ya kai 0.3 shi ake ɗauka a matsayin dacewa. Nemi wannan shaida wurin dillali.

Daga nan sai mahaɗi, wato abin da ake gauraya ƙwayar da shi don ƙara wa allurar ƙarfi: akwai allura mai ruwa, akwai mai mai. Mai ruwa, wadda aka haɗa da sinadarin alminiyom da saponin, tana aiki ga shanu, tumaki da awaki, amma kariyarta wata huɗu zuwa shida ce, kuma ba ta da wani tasiri ga aladu. Mai mai ta fi daɗewa a jiki kuma tana yi wa aladu aiki, sai dai takan bar ƙullutu a wurin da aka soka. Ga mai shanun da tara su ke da wuya, mai mai ta fi sauƙi.

Ƙarfin allura ana rubuta shi da PD50, ma'aunin da ke nuna yawan kariyar da ke cikin kashi ɗaya na allurar. Mai 3 ta isa rigakafin yau da kullum. Mai 6 ko sama ita ce ta lokacin ɓarkewar annoba, don tana fara kariya cikin 'yan kwanaki, kuma tana ɗan rufe giɓi in dacewar ba ta cika ba.

In ana fitar da dabbobi waje, a zaɓi tatacciya, wadda gwajin jini zai iya bambanta dabbar da aka yi wa allura da wadda ta kamu.

Mafi yawan asara a wurin ajiya take faruwa. Allurar na son sanyin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana wargaza ƙwayar da aka kashe a ciki, ta zama ba ta tayar da garkuwa, alhali kwalbar na nan kamar ba abin da ya same ta. Daskarewa ma ɓata ta take yi. In ka ga mai mai ta rabu gida biyu, girgizawa ba ta haɗe ta ba, a bar ta.

Lissafa kashi biyu ga duk dabbar da ba a taɓa yi wa ba, tsakaninsu kamar mako huɗu, sannan a maimaita duk wata shida. Maruƙan da uwayensu ke da rigakafi a ɗan jinkirta musu, domin garkuwar da suka sha a dakashi tana dakushe allurar.