Ofishin dillalin inshorar mota a Ikeja, inda ake fara tambayar sana'arka

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tsananta binciken takardar inshorar mota a kan tituna, mutanenmu da yawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas suka shiga neman inda za su yanki takarda ta gaskiya. Wani ƙaramin ofishin dillancin inshora da ke Ikeja, a wani bene kusa da kasuwar kwamfuta, yana cikin wuraren da suka samu kasuwa a wannan lokaci. Na yi hulɗa da su a kan motata, na kuma raka ɗan yayana da wani abokin kasuwancina.

Abin da ya fara ba mutane haushi a ofishin shi ne yawan tambaya. Kafin a faɗa maka ko kwabo nawa za ka biya, sai an cika fom da sana'arka, da abin da kake yi da motar, da wanda ke tuƙa ta, da inda take kwana. Wanda ya saba miƙa kuɗi ga yaran da ke tsaye a bakin ofisoshin lasisi ya karɓi takarda nan take zai ga kamar ana ɓata masa lokaci. A ganina wannan tambayar ce amfanin ofishin, domin yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai mota da kamfanin inshora bayan haɗari a nan take samo asali.

Ma'aikaciyar da ta saurare mu ta yi mana bayanin da ban taɓa samu a wani wuri ba. A ƙasashe irin su Ingila, sunan aikin mutum kaɗai yana iya ɗaga kuɗin inshorarsa ko ya sauke shi. A Najeriya ba haka tsarin yake ba a inshorar dole, wato wadda ke biyan diyya ga wanda ka yi wa ɓarna. Hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce ta yanke farashin, kuma ta yanke shi ne bisa nau'in abin hawa da aikin da ake yi da shi. Daga 1 ga Janairu, 2023, motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a shekara, diyyar dukiyar da aka lalata kuma ta kai har naira miliyan 3. Motar da ɗan kasuwa ke ɗaukar kayansa na kansa tana biyan naira 20,000, babbar motar dakon kayan mutane naira 100,000, keke mai ƙafa uku naira 5,000, babur kuma naira 3,000. Saboda haka malamin makaranta da likita da ɗan canji, in dai kowa zuwa aiki da kai iyali unguwa yake yi da motarsa, kuɗinsu ɗaya ne. Sana'a tana shigowa ne ta hanyar aikin da ta sa motar take yi.

A nan ne ɗan yayana ya gamu da abin da bai zata ba. Ma'aikaci ne a wani kamfani da rana, amma da yamma da kuma ƙarshen mako yana ɗaukar fasinja ta manhajar Bolt, kamar yadda matasa da yawa ke yi a Legas don su cike giɓin haya da kuɗin mai. Ya rubuta ma'aikaci a fom, yana ganin ai bai yi ƙarya ba. Matar ta tambaye shi kai tsaye ko motar tana ɗaukar mutane don kuɗi, da ya amsa sai ta ajiye biro ta nuna masa sharaɗin da ke cikin takardar motar gida, wanda ya cire haya da kabu-kabu daga abin da kamfani zai ɗauki nauyinsa. Ma'anar wannan ita ce, in ya yi karo a kan gadar Third Mainland da fasinja a baya, kamfanin yana da hujjar ƙin biya, shi kuma ya riƙe takardar da ba ta da amfani sai nuna wa ɗan sanda. Ta mayar da shi rukunin motocin haya, kuɗin ya ƙaru, ya fito yana gunaguni. Na gaya masa cewa dillalin da zai bar shi a kan rahusa don kada ya rasa ciniki shi ne wanda ya cuce shi.

Abokina kuwa tumatir da albasa yake sayarwa a Mile 12, yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Tambayar da aka yi masa ita ce ko kayansa kaɗai yake ɗauka, ko yana yi wa maƙwabtansa dako suna biyansa. Bambancin yana da girma a farashi, kuma a kasuwa kowa ya san yadda ake yi: yau kayanka, gobe an roƙe ka ka sauke wa wani buhuna a Oyingbo an ba ka na mai. Ofishin bai yi masa rufa-rufa ba, ya bayyana masa inda iyakar take, ya bar masa zaɓi.

A cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da gyaran motarka da sata da gobara, sana'a ta fi yin tasiri, domin a nan kamfani yana da damar auna haɗarin da kansa. Ƙa'idar NAICOM ita ce kada kuɗin ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato motar naira miliyan 8 ba za ta yi ƙasa da naira 400,000 ba. Daga wannan mataki zuwa sama, kamfani yana duba ko kai mai yawan tafiyar dare ne, ko aikinka yana kai ka Apapa cikin tireloli da tankoki kullum, ko direba ka ɗauka, ko kuma motar tana kwana a bakin titi. Ofishin ya kawo mini farashin kamfanoni daban-daban na kwatanta, kuma da na nemi tsarin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, saboda damuwar da da yawa daga cikinmu ke da ita game da riba, sun san kamfanonin da ke yin sa, ba su yi mini kallon baƙon abu ba.

Akwai inda suka gaza. Ba su yi mini bayanin kason da mai mota ke biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu a gyara ba, sai da na gan shi a rubuce na tambaya, alhali wannan ne ke sa mutum ya ji an yaudare shi ranar da ya je neman diyyar ƙaramar ɓarna. Babu mai jin Hausa a ofishin, takardun kuma duk da Turancin lauyoyi suke, don haka direban tirela ko mai keke da bai yi boko ba dole ya je da wanda zai karanta masa. Wurin zama ƙarami ne, jira yana da tsawo a ranar Litinin, kuma samun wurin ajiye mota a wannan unguwa wahala ce.

Kafin mu tashi, matar ta sa kowannenmu ya duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, wanda ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya ke gudanarwa, kuma shi ne jami'ai ke dubawa a hanya. Tawa da ta abokina sun fito a ranar, ta ɗan yayana sai washegari. Mai motar gida da ke neman takardar naira 15,000 kawai yana iya saye ta intanet daga kamfani mai lasisi ba tare da ya sha cunkoson Ikeja ba. Wanda motarsa ke nema masa abinci, ko da na 'yan awanni ne da yamma, shi ne ya kamata ya hau benen nan, ya tafi da takardun mota da lasisin tuƙi, ya kuma nemi a nuna masa sharaɗin amfani da mota a rubuce kafin ya biya.